Ɗawisu a Hunturu: Ba Sanyi Ne Ke Kashe Shi Ba

A Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran garuruwan Arewa, ɗawisu tsuntsun masu hali ne, ana ajiye shi a tsakar gida domin ado da ƙasaita. Amma da zarar iskar hunturu ta taso a Disamba, sai a ga tsuntsun ya takure, gashinsa ya dusashe, wani lokaci a wayi gari ya mutu. Mai gida ya ɗora laifin a kan ɗari. Galibi ba haka abin yake ba.

Asalin ɗawisu ƙasar Indiya ce da Siri Lanka, kuma a 1963 Indiya ta ayyana shi tsuntsun ƙasa. A arewacin Indiya yana rayuwa a dajin da sanyinsa ya fi na Zamfara, har ma ana kiwonsa a Ingila da Amurka inda ƙanƙara ke zuba. Daren da zafi ya sauka ƙasa da digiri 15 ba zai kayar da babban ɗawisu mai ƙoshi ba. Don haka shawarwarin da ake karantawa a intanet, na kunna na'urar ɗumama ɗaki da hana ruwa daskarewa, amsa ce ga tambayar wata ƙasa. Abin da ke yi masa illa a nan shi ne yunwa da iska da cuta da ƙasar da yake tsattsaga.

Yunwar ɓoyayyiya ce. Da damina ɗawisu na ciyar da kansa da gara da fara da ɗanyen ganye. Da rani duk waɗannan sun ɗauke, sai a bar shi da dawa ko gero, waɗanda sinadarin gina jiki da ke cikinsu bai wuce kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari ba. Alhali namiji yakan zubar da jelarsa kowace shekara, ya shafe watanni yana fito da sabuwa mai gashi sama da 150, kuma gashi da wannan sinadari ake gina shi. Maganin yana kasuwa: tunkuza, soyayyen waken suya, ganyen zogale, alayyafo da latas daga lambunan fadama. Sai dai a kiyayi gyaɗar da ta yi funfuna. A 1960 gubar irin wannan gyaɗa ta hallaka talo-talo kimanin 100,000 a Ingila.

Iska kuwa daga arewa maso gabas take kaɗowa, ɗauke da ƙurar da ke busar da maƙoshi. Zana biyu a wannan ɓangare, da rufi, da sanda mai kauri a sama inda zai kwana, sun wadatar. 'Yan tsaki ne kaɗai ke buƙatar ɗumi na musamman. Kaskon gawayi a rufaffen akurki kuwa ajali ne, domin hayaƙinsa marar wari ya fi sanyi saurin kisa.

Hunturu kuma shi ne lokacin da annobar kaji da ake kira Newcastle ta fi yaɗuwa a Arewa, kuma ba ta ƙyale ɗawisu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana sarrafa rigakafinta. Kazar da aka sayo ranar kasuwa a keɓe ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Abu na huɗu shi ne wanda ya keɓanta da wannan yanki. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Kafin nan, agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kula ba. Ɗawisu yana haɗiye tsakuwa domin niƙa abinci. Saboda haka kada a watsa masa hatsi a ƙasa, a sa a kwano, a kuma kawo yashi daga wurin da ba a taɓa aikin ma'adinai ba. Idan tsuntsayen gida suka fara faɗuwa babu dalili, asibiti za a fara kai yara.

Wani zai ce a yankin da rashin tsaro ya hana noma, maganar cimar ɗawisu almubazzaranci ne. Ƙorafin yana da nauyi. Sai dai ba a tilasta wa kowa kiwonsa ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba zai iya ciyar da shi watanni uku na hunturu ba, gara ya sayar wa wanda zai iya. Tsuntsun da aka tsare a gida ba shi da dajin da zai koma neman abinci. Rayuwarsa amana ce a hannun wanda ya rufe ƙofar.