Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma Na a Yi Masa Shari'a da Harshen da Yake Ji

Idan ana maganar haƙƙin wanda ake tuhuma da aikata laifi, abin da ya fi zuwa zukatan jama'a shi ne lauya da beli. Ba kasafai ake tuna harshe ba, alhali kuwa sauran haƙƙoƙin duk a kansa suka dogara. Mutumin da bai fahimci tuhumar da aka karanta masa ba, bai kuma ji abin da shaidu suka faɗa a kansa ba, gangar jikinsa ce kawai ke cikin kotu.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai yi sakaci da wannan batu ba. Sashe na 35 ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifin a kansa, ya kuma ba shi haƙƙin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Haka kuma dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 17, ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta bayaninsa, ya karanta masa har ya gamsu, sa'annan shi ma tafintan ya sa sunansa da hannunsa a takardar.

Matsalar tana wajen aiwatarwa. Turanci ne harshen Babbar Kotu da kotun majistare, kuma sau da yawa akan ɗora aikin tafinta a kan duk ma'aikacin da aka ga yana jin harsunan biyu. Amma jin harshe daban, iya fassara shi daban. Misali, tambayar da ake fara yi wa wanda ake tuhuma ita ce ko ya amsa laifinsa ko bai amsa ba. Tafintan da bai ƙware ba yana iya mayar da ita, “Ka yi ko ba ka yi ba?” Manomin da ya doki wanda ya auka masa da adda zai ce, “Na yi,” domin gaskiya ce ya yi dukan. Sai a rubuta ya amsa laifi, alhali kare kai hujja ce da doka ta yarda da ita. Haka nan wanda ya ce, “A hannuna ya cika,” nufinsa shi ne ke jinyar mamacin, amma fassarar kalma da kalma tana iya mayar da zancen iƙirarin kisa. “Na ji” ma tana iya zama sauraro kawai, tana iya zama amincewa.

Rubutu shi ma yana da nasa haɗarin. Ɗan sandan da bai koyi ƙa'idojin rubutun Hausa ba, idan ya rubuta “baki” babu lanƙwasa, mai karatu bai san ko bakin magana ake nufi ba, ko baƙin launi, ko baƙin da suka zo daga wani gari. Ga kuma Bafulatani makiyayi ko Babarbare da ake ɗauka yana jin Hausa saboda yana ciniki da ita a kasuwa. Hausar ciniki ba ta isa mutum ya kare ransa da ita ba, kuma Tsarin Mulki bai ce harshen da aka fi ji a gari ba, cewa ya yi harshen da shi mutumin yake ji.

Wasu kan ce ɗaukar ƙwararrun tafintoci zai ci kuɗi, ya kuma ƙara jan shari'a a ƙasar da mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Sai dai hukuncin da aka gina a kan gurɓatacciyar fassara yakan kai ga ɗaukaka ƙara, wani lokaci a sake shari'ar daga farko, ka ga garin neman sauri an ƙara nisa. Idan kuwa hukuncin ya tabbata, an ɗaure marar laifi, mai laifin yana yawo a gari.

Wasu kuma kan ce ai wanda bai gane ba sai ya yi magana. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Gwonto ta 1983, ta nuna cewa wanda ake tuhuma ko lauyansa ne ya kamata ya sanar da kotu idan akwai buƙatar tafinta. To amma talakan da ba shi da lauya, wanda kwarjinin kotu ya cika masa ciki, ta yaya zai nemi haƙƙin da bai san yana da shi ba? Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Saboda haka ya dace alƙali da kansa ya tambaya, ya kuma rubuta amsar. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin a kotunan shari'ar Musulunci akwai i'izari, wato alƙali ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja kafin a yanke masa hukunci, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta tafinta ya kasance adali.

Abin da ya kamata shi ne a mayar da aikin tafinta a kotu sana'a mai horo da jarrabawa da takardar shaida. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su haɗa kai da masana shari'a su daidaita kalmomin kotu, a kuma riƙa adana bayanin wanda ake zargi da harshen da ya yi shi tare da fassararsa. Malamin Hausa kuwa ya sani cewa daga ajinsa ɗan sanda da akawun kotu da tafintan gobe za su fito. Darasin fassara da na ƙa'idojin rubutu, da ake gani kamar na cin jarrabawa ne kawai, wata rana shi ne zai raba wani bawan Allah da kurkuku.