Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tahoua: A Share Hanyoyin Tare Gobara Tun Ciyawa Ba Ta Bushe Ba

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne kan gobarar daji, wadda kowace shekara take lashe makiyaya a Abalak, Cintabaraden, Tasara da Tiliya.

Tun 1961 doka ta shata iyakar noma daga arewa, ta bar wa dabbobi abin da ke bayanta. Mutanen wannan yanki ciyawar da ke tsaye a daji ita ce rumbunsu, da ita garke zai kai wata damina. Shekarar da ruwa ya wadata, a nan haɗarin ya fi girma, domin ƙarangiya da sauran ciyayi sukan haɗe ba tsagi. Da damina ta ɗauke, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, garwashin shayi ɗaya da matafiyi ya bari, ko guntun taba, ya isa ya cinye abincin rani a yini guda. Makiyayi sai ya karyar da shanunsa a kasuwa, ko ya gangara kudu tun manoma ba su gama kwashe amfani ba, kuma kowa ya san rigimar da hakan ke haifarwa.

Maganin sananne ne, jami'an gandun daji sun daɗe suna yin sa tare da jama'a. A share hanya mai faɗin mita 15 zuwa 20, a gitta ta ga iska, a kankare ciyawa da manjagara har ƙasa ta fito. Wuta in ta iso ba ta samun abin ci, masu kashe ta kuma su sami wurin tsayawa.

Roƙona, ranka ya daɗe, a kan lokaci yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fitar da kuɗin aikin tun watan Satumba, a soma shara da zarar ciyawa ta fara rawaya, kafin wutar farko ta tashi. A sabunta hanyoyin bara, domin damina ɗaya takan rufe su. A biya matasa da matan da suka yi aikin a kan kari, su sami dalilin zama gida da rani. Ciyawar da aka kankare a kwashe ta a amalanke a adana, za ta ceci dabbobi a watan Mayu. Sannan a umarci hakimai da shugabannin rugage su sa a share kewayen gidaje, rumbuna da rijiyoyi, gun da mutane suka fi hura wuta.

Ranka ya daɗe, in umarninka ya fito da wuri, hannuwan da za su riƙe manjagara suna nan a shirye.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare mana dajinmu.

Naka,
Wani ɗan jihar Tahoua