Gida Huɗu-Huɗu Ba Ya Ɗaukar Kowane Kiɗa

Duk wanda ya buɗe FL Studio, manhajar da ɗakunan haɗa kiɗa da yawa a Kano suke aiki da ita, zai tarar an riga an yanke masa hukunci tun bai taɓa komai ba: 4/4. Lambar sama tana faɗin yawan bugun da ke cikin kowane gida na kiɗa, ta ƙasa kuma tsawon kowane bugu. A kan allo sai a ga akwatuna 16 a jere, huɗu ga kowane bugu. Kamfanin Image-Line na Beljiyam, mai manhajar, bai ba da damar sauya wannan awo a tsakiyar waƙa ba sai a FL Studio 20, a shekarar 2018.

Matsalar ta lissafi ce. Kaɗe-kaɗe da dama na Afirka ta Yamma suna raba bugu kashi uku ne, abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8. Uku kuwa ba ta shiga 16 ba saura. Idan makaɗin kalangu ya buga irin wannan kiɗa, aka ɗauka, sannan aka umarci manhaja ta daidaita shi, za ta ja kowane bugu zuwa akwati mafi kusa. Tazarar da take daidai wa daida sai ta koma gajera, doguwa, gajera. Kiɗan bai ɓaci ba, har ana iya taka rawa da shi, amma ba shi makaɗin ya buga ba.

Waƙar ma tana shan wannan matsi. A Hausa gaɓa mai nauyi tana cin awo biyu, marar nauyi ɗaya, saboda haka gajera da doguwa a jere awo uku ne. Mawaƙin da aka ɗora a kan 4/4 dole ya ja wata gaɓa, ya haɗiye wata, alhali tsayin wasali yana bambanta ma'ana a harshen. Ko waƙoƙin finafinan Indiya, waɗanda ake yawan zargi da ɓata kiɗan Hausa, suna da dadra mai bugu shida da rupak mai bakwai.

Masu sana'ar za su ce ana iya barin 4/4 a raba bugun uku-uku da hannu. Gaskiya ne, ƙwararru suna yi. Sai dai yaron da yake koyo a ɗakin ubangidansa abin da allo ya nuna masa yake bi, kuma duk kiɗan da ya ƙi zama cikin akwatunan kuskure zai ɗauke shi.

Saita awo ba ya cin minti ɗaya. Abin da ya kamata shi ne a fara sa makaɗi ya buga, a ƙirga da tafi har a gane inda kiɗan yake zagayowa, sannan a rubuta lambobin kafin a ajiye bugun farko.