Kafin ka sayi kwamfuta a Mokolo, fara duba wutar gidanka

Matashin Mokolo mai neman haɗaɗɗiyar kwamfutar tebur, don wasanni da watsa shiri kai tsaye da tace bidiyo, yakan fara tambayar ƙarfin katin hoto. A ganina, ya tsallake tambayar farko, wato wuta.

Lantarkin arewacin Kamaru ya dogara ƙwarai da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kusa da Garwa. Idan rani ya tsananta, ruwa ya ja baya, ɗaukewar wuta kan yawaita. Kwamfutar tebur kuwa ba ta da batir. Wuta na ɗaukewa, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Saboda haka, ka ware kuɗin na'urar UPS tun kafin ciniki, ko da hakan zai sa ka haƙura da katin da ya fi tsada.

Bayan nan sai kayan ciki. RAM mai gigabait 16 da ma'ajiyar SSD sun isa mafari, katin NVIDIA kuma yana ɗauke wa kwamfuta nauyin sarrafa bidiyo yayin watsa shiri. Ka sa a buɗe akwatin a gabanka. Yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP suna da akwatin wuta irin nasu kaɗai, wanda maye gurbinsa ke da wuya idan ya ƙone. Ka duba fankoki da ragar tare ƙura, domin hunturu ba ya sassauci.

Fitilu masu walƙiya a jikin akwati ado ne kawai. Ba girin-girin ba, ta yi mai.