ZAUREN ƊALIBAI: Ranar Da Muka Kai Fatalwa Gidan Kaka A Dangoma

Yau labarin hutunmu muka kawo muku, da yadda wasa ya so ya zame mana abin kunya.

A ƙarshen zangon da ya wuce, wani abokin ɗakinmu ya nuna mana bidiyon wani Bature yana fentin 'yan mitsi-mitsin mutum-mutumi, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Duk siffar matattu ce: ƙwarangwal riƙe da takobi, fatalwa, da gawar da ta taso daga kabari. Da su ake buga wasannin allo na yaƙi a kan tebur. Ashe tsohuwar harka ce. Wasan Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, sannan kamfanin Games Workshop na Ingila, wanda aka kafa a 1975, ya fitar da Warhammer a 1983. Akasari ana sayar da 'ya'yan wasan ba fenti, mai wasa ne zai zauna ya ƙawata rundunarsa da hannunsa.

Abin da ya kama mu shi ne dabarar. Da farko a shafe siffar da launi guda. Sai a sa launin ƙashi. Sai a tsinka baƙin fenti da ruwa, a bar shi ya gangara cikin ramukan ido da tsakanin haƙarƙari. Daga ƙarshe a dangwali fari, a goge burushin har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama, sai tudun ƙashin kaɗai ya yi haske. Nan take abu ya fito kamar zai yi motsi.

Da muka isa Dangoma, muka tara ƙannenmu muka ce mu ma za mu gwada. Kuɗin fentin Turai ba mu da shi, amma wane yaro ne a ƙasar Gwandu bai taɓa gina saniyar laka ba? Muka ɗebo yumɓu a fadama. Baƙinmu kunkunniyar ɗakin girki, farinmu farar ƙasa, muka dama su da ruwan ƙaro don su kama. Burushi kuwa asuwaki muka tauna. Rukunin farko muka shanya a rana, duk suka tsage. Na biyu muka bari a inuwa kwana uku, sannan muka binne su a garwashin murhu.

Wasan da za a buga ma ba mu nema da nisa ba. Dara muka ɗauko: gurbi 30, kowane ɓangare 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Maimakon tsinke da tsakuwa, muka yi mahaya dawaki 12 da ƙwarangwal 12. Ranar da muka baje su a tsakar gida, yaran unguwa har ture juna suke yi.

Sai Kaka ta fito alwalar La'asar. Ta sunkuya ta ɗauki guda, ta daɗe tana juya shi.

“Kai maigidana, wanga mi ne ne?”

Muka ce, “Kaka, matattu ne da suka tashi, wasa ne kawai.”

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Bara da damina aka fitar da kakanku ta wagga ƙofa cikin makara. Wato haka kuke cewa ya koma?” Ta ajiye shi a hankali, ta wuce da butarta.

Tsakar gida ya yi tsit. Mu da muke taƙama da jami'a, muka rasa ta cewa. Mun kwafo dabara, mun haɗo da abin da ba mu tsaya mun auna ba. A wurinmu mamaci ba dodo ba ne. Wanka ake yi masa, a sa masa likkafani, a sallace shi, a raka shi, a ci gaba da yi masa addu'a. Ko gawa mai tafiya da ake kira zombi tana da tushenta: daga Haiti labarin ya yaɗu, ƙasar da bayi suka sha azabar gonakin rake, inda babban abin tsoro shi ne a ce ko bayan mutuwa mutum bai huta da bauta ba. Finafinai ne suka mayar da ita abin nishaɗi daga baya.

Washegari muka farfasa ƙwarangwal ɗin, muka sake kwaɓa laka. Wannan karon kuraye 12 muka yi, su kara da shanu 12. Dabarar nan dai ita muka bi: tsinkakken baƙi ya fito da dabbare-dabbaren kura, busasshen fari ya haska tozon sa. Kaka da kanta ta zauna tana gyara mana. Ta ce mun ba Gudali ƙahon Rahaji, alhali Gudali gajeren ƙaho gare shi, Rahaji kuma ja ne mai dogon ƙaho. Muka koma neman jar ƙasa. A yini ɗaya ƙannenmu suka koyi abin da waya ba ta taɓa nuna musu ba.

Kada wani ya raina wannan sana'a. A Abuja akwai NIBCARD Games, masu ƙirƙirar wasannin allo na gida, waɗanda suka ci kyautar Diana Jones ta duniya a 2021. In wasan Najeriya ya kai can, me zai hana Gizo da Ƙoƙi, Kura da Dodo, su samu allonsu daga Kalgo ko Gwandu? Sai dai mu tuna, akwai gidajen da ba a yarda da gina siffar mai rai ba. A nemi izinin iyaye, a tambayi malamai, kafin a kwaɓa laka.

Kurayenmu na nan a kan katangar Kaka. Ta ce in mun dawo hutu za ta kara da mu, kuma shanu za ta riƙe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.