NAZARI: Hawan jinin ido a Kadawa, makantar da ba ta shiga hoton 'yan siyasa

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san abin da ke faruwa idan kacala ta cinye magudana. Ruwa yana ci gaba da gangarowa daga Dam ɗin Tiga kamar kullum, sai dai ba shi da mafita. Sai ya kwanta a fili, ya riƙa cin saiwa ta ƙarƙashi, manomi kuwa ba zai farga ba sai ganye ya fara sauya launi. A lokacin aikin gama ya gama.

Kusan haka cutar gilakoma, wadda muka fi sani da hawan jinin ido, take yi wa mutum. Ido yana samar da wani ruwa garai-garai a sashensa na gaba, ruwan kuma yana fita ta wata 'yar mataci da ke daidai inda baƙin ido ya haɗu da farinsa. Idan matacin ya daina aiki sosai, matsi yakan ƙaru a cikin ido, jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa ta shiga mutuwa kaɗan-kaɗan. Sunan da muka ba cutar ma yana ruɗarwa, domin ba jini ne ke hawa ba, kuma mai lafiyayyen awon jini yana iya ɗauke da ita. A nau'in da ya fi yawa a ƙasar nan babu zafi, babu ja, babu kwantsa. Ganin gefe ne ke fara tafiya, mutum ya riƙa tuntuɓe da kunya a gona yana zargin gajiya. Abin da ya tafi kuma ya tafi ke nan, babu maganin da ke dawo da shi.

Alƙaluman da muke da su sun fito ne daga binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007, inda aka duba idon mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a duk shiyyoyin Najeriya. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma makanta ta fi yawa a Arewa kan Kudu. Yanar ido ce ta zo a gaba da kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido ya biyo da kusan kashi 17. Da Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka sake nazarin bayanan, suka wallafa sakamakon a 2015, sai hoton ya ƙara muni: kashi 5 cikin 100 na masu waɗannan shekarun suna da cutar, wato mutum ɗaya cikin kowane 20. Waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Ɗaya cikin biyar kuwa ya riga ya makance.

A auna wannan da sahun sallar Juma'a a Kura, ko da taron dillalai da manoma a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Cikin kowane dattijai 20 akwai yiwuwar ɗaya yana rasa ganinsa a hankali, kuma kusan tabbas bai sani ba. Ya kamata a lura cewa har yau waɗannan alƙaluma, da suka doshi shekara 20, su ne jami'ai ke karantowa a duk bikin Makon Gilakoma na Duniya da ake yi cikin watan Maris. Yankin da ke da tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake auna ƙasa da ruwa da iri kakar bayan kaka, ya cancanci a san halin idon masu noma shi.

Akwai dalilan da suka sa wannan batu ya shafi Kadawa fiye da sauran wurare. Lokacin girbi da casar shinkafa ƙaiƙayi da ƙura suna cika iska, ido ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, mutum ya nufi kemis mafi kusa. Daga cikin magungunan ɗigawa da ake miƙa wa mutane ba tare da takardar likita ba akwai masu ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone. Suna kwantar da ja cikin kwana biyu, shi ya sa ake son su. Amma likitocin ido sun daɗe da tabbatar da cewa yawan amfani da su na tsawon makonni yana ɗaga matsin ido a wasu mutane, musamman yara da masu gadon cutar. Haka nan bugun da ido ya sha daga sanda, dutse ko igiyar inji yana iya lalata matacin nan, cutar ta bayyana bayan shekaru, lokacin da kowa ya manta da raunin. Sai kuma masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke. Binciken ƙasa ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, irin wannan aikin gargajiya aka yi musu, kuma shi ne kan gaba wajen haddasa hawan jinin idon da ke biyo bayan wata matsala.

Kano ba ta rasa wuraren zuwa ba. Akwai Asibitin Ido na ECWA da ya haura shekara 80 yana aiki, akwai Asibitin Ido na Makka, akwai sassan ido a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Daga Kura zuwa cikin birni tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba idan hanya ta yi kyau. Matsalar ita ce mutum ba ya neman asibiti kan ciwon da bai ji ba. Idan kuma ya je daga ƙarshe, abin da ake ba shi sau da yawa bai dace da rayuwarsa ba.

A nan ne binciken asibiti ya zama abin da ya kamata matashi mai bin siyasa ya sani. Hanyoyin rage matsin ido uku ne: maganin ɗigawa, tiyata, da hasken leza. Maganin ɗigawa shi ne aka fi rubutawa, kuma sharaɗinsa shi ne kullum, har ƙarshen rayuwa. Ga manomin da kuɗi ke shigo masa sau biyu a shekara, wannan haraji ne na wata-wata. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. Latanoprost, wanda ya fi tsohon magani timolol ƙarfi, ana son a ajiye shi cikin sanyi kafin a buɗe kwalbar, a ƙasar da wutar lantarki baƙuwa ce. Kuma tunda mai ɗigawa ba ya ganin wani sauyi a ganinsa, kwalba ta biyu ko ta uku ce takan zama ta ƙarshe.

Tiyata tana sauke matsi sosai, ita ce ma ta fi dacewa da wanda cutar ta yi nisa a idonsa. Sai dai nazarin da Dokta Mohammed Mahdi Abdull ya yi a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ya nuna abin da kowane likitan ido a Arewa ya sani: yawancin marasa lafiya suna zuwa ne bayan ido ɗaya ya tafi ko ya kusa, kuma 'yan ƙalilan ne ke dawowa a yi musu aikin da aka ba su shawara. A ganina tsoron nasu ba jahilci ba ne. Maƙwabcinka da aka cire wa yana ya dawo yana karanta Alƙur'ani. Wanda aka yi wa aikin hawan jinin ido ya dawo da ganin da ya tafi da shi, wani lokaci ma da ɗan hazo na makonni. A idon ƙauye aiki na farko ya yi nasara, na biyu ya ɓaci, alhali na biyun ya ceci abin da ya saura. Gani ya kori ji, kuma amfanin wannan tiyata ba abin da ake gani ba ne. Wannan ne ya sa Abdull da abokansa suka koma gwada wani nau'in leza a Bauchi, suna neman magani na zama ɗaya da mutane za su yarda da shi.

Amsa mafi ƙarfi ta fito daga gwaje-gwaje biyu. A Birtaniya, gwajin LiGHT da aka wallafa a mujallar Lancet a 2019 ya bi mutane 718, ya samu kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara yi wa leza nau'in SLT ba su buƙaci maganin ɗigawa ba har shekara uku. A 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta mayar da leza matakin farko. Ana iya cewa wannan Turai ce. To, a garin Moshi na Tanzaniya, Heiko Philippin da tawagarsa sun raba marasa lafiya 201 gida biyu, wasu leza wasu timolol, aka wallafa sakamakon a 2021. Bayan shekara ɗaya, an shawo kan matsi a kashi 61 cikin 100 na idanun da aka yi wa leza, a ɓangaren timolol kuwa kashi 31. Aiki ne na mintuna, a zaune, ba yanka, ba kwanciya. Yana da iyakarsa: ƙarfinsa na raguwa da shekaru har a buƙaci maimaitawa, ba kowane ido yake karɓa ba, kuma na'urar tana son wuta tsayayya da ƙwararren hannu da mai gyara. Duk da haka, tsakanin ziyara ɗaya ko biyu a shekara da kwalba 12, manomi ya san wadda zai iya.

Me ya sa ba ma jin wannan a bakin masu mulki? Domin siyasar ido a Najeriya siyasar hoto ce. Aikin yanar ido kyauta yana da ranar buɗewa, yana da tsohuwa da aka cire wa bandeji tana hawaye tana sa albarka, yana da adadi da za a rubuta a allo. Tabarau ma haka: a 2023 Shugaba Bola Tinubu ya amince da shirin raba tabarau miliyan biyar. Duk ayyuka ne masu kyau, babu mai hankalin da zai kushe su. Amma mutumin da aka hana shi makancewa a shekara 10 masu zuwa ba shi da hoto, kuma wa'adin mulki shekara huɗu ne. Hawan jinin ido yana buƙatar abubuwan da ba a yanke musu kyalle: rajista, bibiya, ma'aikaciyar jinya da za ta kira wanda bai dawo ba.

Abin takaicin shi ne ƙofar tana buɗe. Shekarun da mutum ke fara neman tabarau don karatu ko zura zare a allura, wato 40 zuwa sama, su ne shekarun da cutar ke fara yawa. Duk wanda ya zo karɓar tabarau kyauta ya kawo idonsa da ƙafarsa. A miƙa masa tabarau a sallame shi ba tare da an leƙa jijiyar ganinsa ba asarar dama ce da ba ta da uzuri. Na ce jijiya, domin awon matsi kaɗai bai wadatar ba: mutane da yawa masu cutar awonsu yakan faɗa cikin abin da ake ɗauka daidai ne, tsakanin 10 da 21. Ƙofa ta biyu ita ce dangi. Cutar tana bin jini, kuma 'yan'uwa da 'ya'yan mai ita sun fi kowa haɗari. A gidajenmu na gandu, inda wa da ƙane da 'ya'yansu ke zaune a shiyya ɗaya, mara lafiya guda da aka gano yana iya kai ma'aikaci ga mutum 10 da ya kamata a duba.

Takardu ma ba a rasa ba. Akwai Manufar Lafiyar Ido ta Ƙasa ta 2019, wadda ta ce a shigar da kula da ido cikin asibitocin matakin farko. Akwai Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Akwai dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya, akwai kuma hukumar KSCHMA a Kano. Saboda haka tambayoyin da ya kamata matasan Kura, Bunkure da Garun Malam su ajiye a gaban 'yan majalisarsu da shugabannin ƙananan hukumominsu masu amsa ne, da lamba. Ma'aikata nawa ne a asibitocin mazaɓu aka horar su leƙa cikin ido? Babban Asibitin Kura yana da na'urar awon matsi mai aiki, kuma wa ke riƙe da ita? Na'urar SLT nawa ce a asibitocin gwamnatin jiha, nawa ake caji, kuma inshorar jiha tana biya? Cikin waɗanda aka gano da cutar a aikin ido kyauta na bara, nawa aka sake gani bayan wata shida? Wa ke sa ido kan magungunan sitiroyid da ake sayarwa a kantunan ƙauye lokacin casa?

Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na yankin sun riga sun san kowane manomi da filinsa da layin ruwansa, domin da haka ake karɓar kuɗin ruwa da tsara yashe magudanai. Rajistar da ta isa a bi mutum bashin ruwa ta isa a kira shi awon ido sau ɗaya a shekara, bayan girbi, lokacin da yake da kuɗin mota a aljihu.