Sharhi: Yoyon Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Cinikinmu na WhatsApp

Daga Ganhi zuwa Zongo a birnin Kwatano, da wuya ka samu ɗan kasuwar da ba ta WhatsApp yake tura hoton atamfa ba, ko jin farashin shinkafa a iyakar Seme, ko shaida wa maigidansa a Kano cewa kaya sun fito daga tashar jirgin ruwa. Amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da ke riƙe da wannan harka, wato manyan kwamfutocin da ake kira saba, masu aiki dare da rana, wata da watanni ba a kashe su.

Babbar cutar irin waɗannan kwamfutoci ita ce yoyon ƙwaƙwalwa. Manhaja takan ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta don wani aiki, in ta gama sai ta ƙi mayarwa. Kamar sito ne da yaran shago ke barin kwalayen da aka kwashe kayansu: yau ɗaya, gobe biyu, ran nan mota ta iso babu inda za a sauke dila. Haka ta faru ga kamfanin Amazon ranar 22 ga Oktoban 2012, lokacin da wata ƙaramar manhaja ta cinye ƙwaƙwalwar sabobinsa a Amurka, shafuka irin su Reddit suka tsaya cik.

Masu WhatsApp sun gina sabobinsu da Erlang, yaren kwamfutar da kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara ƙirƙira a 1986 domin na'urorin haɗa kiran tarho. A tsarinsa ba a goge bayanin da aka rubuta a sauya shi, sai dai a yi sabo. Kowane ƙaramin aiki yana da ɗakinsa, shi ke share shararsa. In ɗaya ya rikice sai ya mutu, mai sa ido ya tada sabo, don kada wake ɗaya ya ɓata gari. Da haka a 2012 kamfanin ya ce saba ɗaya ta ɗauki haɗi sama da miliyan 2 a lokaci guda. Da Facebook ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 19, ma'aikatansa ba su kai 60 ba, alhali mutum miliyan 450 ne ke amfani da shi.

To amma fa wannan ba laya ba ce. Ko a Erlang, manyan bayanai a rumbu ɗaya ake tara su, kuma ba sa fita sai duk mai riƙe da su ya saki, don haka yoyon yakan ɓullo ta nan. Wani lokacin ma matsalar daga waje take zuwa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuskuren saiti a Facebook ya rufe WhatsApp kusan awa 6. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ƙasar Binin na cikin waɗanda suka ji jiki.

Darasin da muke gani shi ne, injiniyoyin nan ba su yi alkawarin abu ba zai lalace ba, shiri suka yi wa ranar lalacewarsa. Mu ma haka ya kamata. Bashin da ke cikin waya a rubuta shi a littafi. Lambobin dillali da direba su kasance a takarda. A riƙe layi biyu na kamfanoni daban, kuma kada jari duka ya kwana a asusun waya ɗaya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.